Tarihin Soichiro Honda, makanikin da kafireta ta kusa durƙusar da kamfaninsa

Duk wanda ya bi titin Tudun Wadan Zariya da safe, daga Ƙofar Doka zuwa Agoro, zai tarar da makanikan babura sun baje kayan aiki a bakin hanya. Aikin da ya fi yawa a hannunsu shi ne wankin kafireta: a kwance ta, a wanke da fetur a cikin gwangwani, a hure 'yan ramukanta, a mayar. Jefi-jefi kuma wani matashi zai turo babur mai hayaƙi, ya ce a cire masa kafiretar da ta zo da shi a ɗaura babba, don ya riƙa barin abokansa a baya.

Da yawa daga cikin injinan da ke gaban waɗannan makanikai, ko da babu sunan Honda a jikin tankinsu, daga injinan Honda aka kwaikwayo tsarinsu. Mai wannan suna, Soichiro Honda, shi ma da irin wannan aiki ya fara. Yaron gareji ne a ƙasar Japan, kuma da babur mai hayaƙi ya kafa kamfaninsa. Kafireta ta sha shiga tarihinsa: ta taɓa ɓata wa matarsa tufafi, ta kuma taɓa zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka kai kamfanin bakin rushewa.

Ɗan maƙeri mai gudun karatu

An haifi Soichiro Honda ranar 17 ga Nuwamban 1906 a ƙauyen Komyo, kusa da birnin Hamamatsu a yankin Shizuoka. Mahaifinsa Gihei maƙeri ne, daga baya ya buɗe shagon gyara da sayar da kekuna. Mahaifiyarsa Mika masaƙiya ce. Shi ne ɗansu na fari, kuma a maƙera ya yi wayo.

Karatun makaranta bai shiga kansa ba. A Japan kowane gida yana da hatimin da ake bugawa a takarda a madadin sa hannu. Da sakamakon jarrabawarsa ya zo babu kyau, sai ya sassaƙa hatimin gidansu da robar fedar keke, ya buga abinsa ya mayar wa malami. Asirinsa bai tonu ba sai da ya fara yi wa 'yan ajinsu. Bai san ana sassaƙa hatimi a juye ba. Haruffan sunan Honda ko an juya su ba sa canzawa, amma na sauran yaran suka fito a birkice.

Har ya tsufa yana ba da labarin ranar da mota ta fara shiga ƙauyensu: ya bi ta da gudu, da ta ɗigar da mai a ƙasa ya durƙusa yana shinshinawa. A 1917 wani matuƙin jirgin sama ɗan Amurka, Art Smith, ya zo wasa da jirgi a Hamamatsu. Soichiro ya saci jiki ya ɗauki keken mahaifinsa, wanda ya fi ƙarfin ƙafafunsa, ya tafi. Kuɗin hannunsa bai kai na shiga fili ba, sai ya hau bishiya ya yi kallonsa daga nan.

Goyon jariri kafin riƙon sifana

A 1922, yana ɗan shekara 15, ya ga tallar wani garejin motoci da ke Tokyo mai suna Art Shokai a cikin wata mujalla. Ya rubuta wasiƙa, aka karɓe shi. Watannin farko bai taɓa mota ba. Shara yake yi da aike da goyon jaririn maigidan, Yuzo Sakakibara.

Ranar 1 ga Satumban 1923 babbar girgizar ƙasa ta rusa Tokyo, gobara ta biyo baya, mutum sama da 100,000 suka mutu. Yawancin ma'aikatan garejin suka koma garuruwansu. Soichiro ya zauna, kuma daga nan aka fara sakar masa aiki. A 1924 yana cikin waɗanda suka haɗa wata motar tsere da injin jirgin sama ƙirar Curtiss, kuma shi ne makanikin da ya zauna a gefen direba ranar da ta lashe gasar ƙasa.

Bayan shekara shida, a 1928, maigidan ya yaye shi, ya ba shi izinin buɗe reshen Art Shokai a Hamamatsu. Yana ɗan shekara 21. Garejin ya yi suna, ya yi kuɗi, ya auri Sachi a 1935. A watan Yunin 1936 ya shiga tseren buɗe filin Tamagawa da wata Ford da ya gyara da kansa. Wata mota ta gitta masa, tasa ta tashi sama ta kife. Ya ji mummunan rauni a fuska da kafaɗa da hannu, ƙanensa Benjiro da ke gefensa shi ma ya karye. Daga wannan shekara ya bar tuƙin tsere.

Ringi 50, uku suka tsallake

Gyara ya ishe shi, yana son ya ƙera abu. Ya zaɓi ringin fistin, zoben ƙarfen nan da ke hana matsi tserewa daga cikin silinda. Ya kafa kamfani mai suna Tokai Seiki, yana zaton narka ƙarfe da zuba shi a ma'auni bai fi aikin maƙerar mahaifinsa ba. Ringin suka riƙa fitowa da gautsi, suna karyewa.

Ya koma kwana a masana'anta, gashi da gemu suka tsaya masa, kuɗi suka ƙare. Daga ƙarshe ya kai ƙarfen wurin malaman makarantar fasaha ta Hamamatsu, suka auna suka gaya masa cewa sinadarin silikon ne ya yi ƙaranci. Bai taɓa sanin ana sa shi ba. Mutumin da ya raina karatu ya koma aji yana da shekara 30, yana sauraron darasin ilimin ƙarfe tare da yaran da ya girme wa nesa.

Da ya fara kai wa kamfanin Toyota, an zaɓi ringi 50 aka gwada, uku kacal suka tsallake. Ya ɗauki kusan shekara biyu yana zagaya jami'o'i da masana'antun ƙarfe kafin ya kai ingancin da ake so. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Toyota ta mallaki kashi 40 cikin 100 na kamfanin. Jiragen Amurka suka ragargaza masana'antarsa ɗaya, girgizar ƙasar Janairun 1945 ta rushe ɗayar. Da aka gama yaƙi ya sayar wa Toyota kasonsa a kan yen 450,000, ya yi kusan shekara guda bai yi aikin komai ba.

Wandon Sachi

A 1946 Japan tana cikin yunwa. Babu fetur, jiragen ƙasa a cunkushe, mutanen birni suna tuƙa keke zuwa ƙauyuka neman abinci. Sachi tana cikinsu.

A gidan wani abokinsa Honda ya ga wani ɗan ƙaramin inji da sojojin Japan suka yi amfani da shi wajen ba rediyon yaƙi wuta. Kamfanin Mikuni ne ya ƙera shi, wanda yau duniya ta fi sanin sa da kafireta. Honda ya tattaro kusan 500 daga cikinsu, ya buɗe wata 'yar rumfa a Hamamatsu a watan Oktoban 1946, ya fara ɗaura su a jikin kekuna. Tankin farko gorar ƙarfe ce da mutanen Japan ke zuba wa ruwan zafi su ɗumama shimfiɗa. Saboda ƙarancin fetur, har man da ake tatsa daga saiwar itace aka riƙa haɗawa.

Injin mai bugu biyu ne, irin wanda a nan ake ce wa mai hayaƙi. A irinsa, duk hawa da saukar fistin sau ɗaya fulogi yana ba da wuta sau ɗaya. Mai bugu huɗu kuwa sai fistin ya hau ya sauka sau biyu kafin a samu wuta ɗaya. Mai bugu biyu ba shi da nauyi, kayan cikinsa kaɗan ne, yana da zafin tashi. Sai dai baƙin mai tare da fetur yake ƙonewa, shi ya sa yake hayaƙi da ƙara.

Sachi ce ya ba keken ta fara gwadawa a babban titin garin. Ta dawo wandonta mafi kyau ya yi kaca-kaca da mai, ta kuma gaya masa cewa duk wanda ya sayi wannan abu zai dawo da faɗa. Da ya bincika sai ya ga haɗin mai da iska ne ke tofowa baya ta bakin kafireta. Sai da ya gyara wannan kafin ya fara sayarwa. Mutanen gari suka laƙaba wa keken suna Bata-bata, saboda ƙarar da yake yi.

Da injinan sojan suka ƙare, sai ya ƙera nasa. A 1947 samfurin A ya fito, mai cc 50, shi ma mai bugu biyu. Wanda ya zana shi a takarda wani matashi ne ɗan shekara 19, Kiyoshi Kawashima, injiniya na farko mai takardar makaranta da Honda ya ɗauka. Ranar 24 ga Satumban 1948 aka yi rajistar kamfanin Honda Motor da jarin yen miliyan ɗaya da ma'aikata 34. A 1949 suka fitar da cikakken babur na farko, Dream D, mai cc 98 da ƙarfin doki uku.

Abokin da ya riƙe hatimi

Honda ya iya ƙera abu, bai iya karɓo kuɗinsa ba. Dillalai suna kwasar kaya su ɓace. A watan Oktoban 1949 Takeo Fujisawa, wanda Honda ya girme wa da shekara huɗu, ya shigo kamfanin. Suka raba aiki: inji na Honda, kuɗi da kasuwa na Fujisawa. Hatimin kamfanin ma a hannun Fujisawa ya zauna, Honda bai damu da ya gan shi ba. Shekara 24 suka yi a haka.

Fujisawa ne ya dawo daga kasuwa da labarin cewa masu saye sun fi son sautin injin mai bugu huɗu, suna ƙorafin kukan na Honda. Shi ma Honda hayaƙin da warin ba su taɓa kwanta masa ba. A watan Yulin 1951 Kawashima ya hau sabon Dream E, mai bugu huɗu da cc 146, ya haye tsaunin Hakone cikin ruwan sama ba tare da injin ya tsaya ba, a hanyar da ta saba kayar da baburan Japan. Daga nan kamfanin ya kama hanyar barin mai bugu biyu.

Kafin a rabu da shi sai da ya tara musu kuɗi. A 1952 suka fitar da Cub F, ɗan injin keke mai jan fenti da farin tanki. Fujisawa ya aika wasiƙu ga shagunan kekuna kusan 50,000 a faɗin Japan, dubbai suka amsa suka zama dillalansa. A shekarar ce Honda ya yi odar injinan masana'anta na yen miliyan 450 daga Amurka da Turai, kuɗin da ya ninka jarin kamfanin sau da yawa.

Shekarar da komai ya kwaɓe

A 1954 bashin ya zo wuya daidai lokacin da kasuwa ta faɗi bayan yaƙin Koriya. Cinikin Cub F ya ja baya. Sabon sikuta mai suna Juno ya yi nauyi, yana zafi, aka ƙi saye. Samfurin Benly ana kuka da ƙararsa. Babban abin dogaron kamfanin, Dream, shi ma ya kawo tasa matsalar.

An yi ta faɗaɗa injin Dream har ya kai cc 220 a samfurin 4E. Masu saye suka fara dawo da shi: da an sassauta totur sai injin ya mutu. Babura suka taru a ma'ajiya. Honda ya hana idonsa barci yana neman dalili, daga ƙarshe aka gano kafireta ce ba ta dace da sabon girman injin ba. Aka gyara saitinta, ma'aikata suka bazu cikin ƙasa suna bin baburan ɗaya bayan ɗaya. Fujisawa kuma ya tara masu kawo musu kaya ya roƙe su su jinkirta karɓar kuɗinsu, Bankin Mitsubishi ya tsaya musu, kamfanin ya sha da ƙyar.

Abin da ya faru da 4E shi ne abin da ke faruwa a garejin bakin titi har gobe. Aikin kafireta haɗa iska da fetur ne a ma'auni, kusan kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na fetur idan aka auna da nauyi. Iska tana ratsa wani matsattsen maƙogwaro, saurinta ya ƙaru, ta zuƙo fetur daga ɗan ƙoƙon da ke ƙasa. Ƙaramin jet shi ke ciyar da injin a silo, allura ta karɓa a tsakiyar totur, babban jet ya karɓa idan an murɗe shi gaba ɗaya.

Idan aka ƙara wa inji girma aka bar saitin da, ma'aunin ya ɓaci. Idan kuma aka ɗaura wa ƙaramin inji ƙatuwar kafireta, iskar ba za ta yi saurin da zai zuƙo mai ba a ƙaramin gudu, sai babur ya riƙa shaƙewa wajen tashi. A injin da ake haɗa baƙin mai da fetur a tanki ɗaya, haɗarin ya fi haka: ƙarancin fetur yana nufin ƙarancin baƙin mai da ƙarin zafi, fistin ya kama, inji ya buga. Shi ya sa gogaggen makanike ke fara gwaji da jet mai ɗan girma, yana ragewa a hankali yana duba bakin fulogi. Ruwan ƙasa alamar daidai ce, baƙi alamar mai ya yi yawa, fari fat kuma alamar a tsaya. Ƙurar hunturu ma tana da nata: idan ta toshe matatar iska mai zai yi yawa, idan aka cire matatar gaba ɗaya iska ta yi yawa, ƙura kuma ta cinye ringi.

Bayan wannan wahala kamfanin bai sake wasa da kafireta ba. Kamfanin Keihin, da aka kafa a 1956, ya zama babban mai yi masa ita, kuma har yau sunan Keihin da na Mikuni ne aka fi gani a jikin kafiretocin babura, na asali da na kwaikwayo.

Super Cub da yaƙi da masu hayaƙi

A cikin tsakiyar rikicin 1954 Honda ya sanar cewa zai shiga tseren tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ayalan, wanda shi ne mafi girma a duniyar babura a lokacin. Da ya je kallo a watan Yuni, ya tarar baburan Jamus da Italiya sun ninka nasa ƙarfi. Ya dawo gida da taya da sarƙa da sauran kayan gyara a cikin jakarsa don ya yi nazarinsu.

A watan Agustan 1958 suka fitar da Super Cub. Kusan duk ƙananan baburan duniya masu cc 50 a lokacin masu bugu biyu ne, amma Honda ya dage sai mai bugu huɗu, ya kuma samu ƙarfin doki huɗu da rabi daga cikinsa. Ba shi da hannun kuloci, don yaron da ke kai abinci gida-gida ya iya tuƙa shi da hannu ɗaya. Gabansa a buɗe yake yadda mace za ta hau ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. A 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100, abin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kaiwa.

A 1959 Honda ya shiga tseren tsibirin Man ya samu kyautar ƙungiya. A 1961 baburansa suka kwashe matsayi na ɗaya zuwa na biyar a ajin cc 125 da na 250, Mike Hailwood ɗan Ingila ya lashe duka biyun.

A wannan shekarar ce kuma mai bugu biyu ya farfaɗo. Wani injiniya a Jamus ta Gabas, Walter Kaaden na kamfanin MZ, ya ƙware wajen ƙera salansa mai tumbi, wadda ke mayar da haɗin man da ya tsere zuwa cikin silinda. Direbansa Ernst Degner ya gudu daga ƙasar a 1961, ya koma Suzuki, ya lashe kambun duniya na cc 50 a 1962. Yamaha ma ta bi wannan hanya. Honda ya ƙi sauya ra'ayi. Ya mayar da martani da yawan silinda: babur mai cc 250 da silinda shida da kafireta shida, mai juyawa har sau 18,000 a minti ɗaya, da mai cc 125 da silinda biyar. A 1966 kamfanin ya lashe kambun masu ƙera babura a dukkan azuzuwa biyar.

Baburin daji da aka ƙera a ɓoye

A kan kwalta dabarar ta yi aiki. A cikin ƙasa da laka da tsalle-tsalle kuwa nauyi ne ke kayar da babur. Yamaha ta fitar da DT-1 a 1968 ta samu kasuwa a Amurka. Suzuki ta lashe kambun duniya na tseren daji a ajin cc 250 a 1970 da Joel Robert ɗan Beljiyam. Duka masu bugu biyu ne. Baburan Honda masu bugu huɗu sun yi nauyin da ba za su bi su ba.

Kowa a kamfanin ya san maigida ba ya son jin zancen mai hayaƙi, kuma kowa ya san zafin ransa. Ma'aikata sun laƙaba masa sunan tsawa, domin yakan daka wa injiniya tsawa a gaban jama'a, wani lokaci har da duka ko jifa da sifana. Duk da haka wasu matasan injiniyoyi suka fara koyon aikin mai bugu biyu a asirce. A 1971 suka kai samfurin gwaji filin tsere ba tare da sunan kamfanin a jikinsa ba. Da maganar ta fito fili, Honda bai hana ba, ya dai gindaya sharaɗin cewa idan har za a yi, to ya fi na kowa.

A 1973 CR250M Elsinore ya shiga kasuwa, an sa masa sunan wani tseren da ake yi a gaɓar tafkin Elsinore a jihar Kalifoniya. Tankinsa na alminiyam ne, nauyinsa bai kai kilo 100 ba, kafiretarsa ta Keihin ce mai faɗin milimita 34. Gary Jones ya lashe gasar Amurka ta cc 250 da shi a shekarar. Kamfanin ya ci gaba da ƙera jerin CR masu bugu biyu har zuwa 2007.

Sauka daga kujera

Ba a nan kaɗai yaransa suka saɓa masa ba. Da kamfanin ya shiga ƙera motoci, Honda ya dage cewa iska ce za ta riƙa sanyaya inji, matasan injiniyoyi suka ce ruwa. A watan Yulin 1968 direba Jo Schlesser ya mutu a Faransa a cikin motar tseren Honda mai sanyin iska. Motar kasuwa samfurin 1300, ita ma mai sanyin iska, ba ta yi ciniki ba. Injiniya Tadashi Kume ya yi fushi ya daina zuwa aiki na wani lokaci. A 1969 Fujisawa ya zaunar da abokinsa ya tambaye shi ko shugaban kamfani yake son zama ko injiniya. Honda ya zaɓi shugabanci, ya sakar wa yaran hanya.

Sakamakon shi ne motar Civic ta 1972 da injin CVCC, wanda ya zama na farko da ya cika tsauraran sharuɗɗan rage hayaƙi na dokar Amurka ta 1970, a lokacin da manyan kamfanonin Amurka ke cewa ba zai yiwu ba. A nan ma kafireta ce a tsakiyar aikin: tana aika haɗi mai yawan fetur zuwa wani ɗan ƙaramin ɗaki kusa da fulogi, wutar da ta tashi a can ta kunna haɗi mai ƙarancin fetur a babban ɗakin.

A watan Oktoban 1973 Honda da Fujisawa suka sauka tare, ɗaya yana da shekara 66, ɗayan 62. Tun farko sun yi alƙawarin ba za su gadar wa 'ya'yansu kamfanin ba, suka kuma cika. Kawashima, yaron da ya zana samfurin A, shi ya zama shugaba yana ɗan shekara 45. Kume, wanda ya yi yajin fushi, shi ya gaje shi a 1983. Bayan saukarsa Honda ya yi ta zagaya masana'antu da shagunan kamfanin yana gaisawa da ma'aikata hannu da hannu yana musu godiya.

Sawunsa a Najeriya

A 1975 kamfanin ya fitar da CG125, bayan injiniyoyinsa sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake lafta wa babur kaya, ba a canza baƙin mai a kan lokaci, ba a zuwa gareji sai ya tsaya. Suka yi injin da zai jure wannan. Shi ne kamfanonin China suka yi ta kwaikwayo, ya cika titunan Afirka. A 1979 aka kafa kamfanin haɗa baburan Honda a Ota ta Jihar Ogun. Dattawan Zariya kuma ba su manta da Benly da Roadmaster ba, baburan malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati na wancan zamani.

Masu hayaƙi irin su Vespa da Suzuki da Jincheng sun yi tashensu a Arewa, amma yau yawancin 'yan acaɓa masu bugu huɗu suke hawa, saboda sun fi tsimin fetur. A ƙasashen da suka tsaurara dokar hayaƙi, na'urar fesa mai ta kwamfuta ta kori kafireta. A Tudun Wada tana nan daram, domin da sukudireba da ɗan fetur a gwangwani ake gyara ta.

Fujisawa ya mutu a ƙarshen Disambar 1988. A 1989 aka sa sunan Honda a zauren karrama gwarazan masana'antar motoci na Amurka, shi ne ɗan Japan na farko da ya shiga. Ya mutu a wani asibiti a Tokyo ranar 5 ga Agustan 1991 sakamakon ciwon hanta, yana da shekara 84. Kwana shida bayan haka Ayrton Senna ya lashe tseren ƙasar Hangari da injin Honda, ya sadaukar da nasarar gare shi.

Tun yana raye ya hana a yi masa gagarumin taron jana'iza irin na shugabannin kamfanoni, don kada mai ƙera motoci ya zama sanadin cunkoson titi. Iyalinsa suka yi nasu a tsakaninsu, kamfanin kuma ya shirya tarukan godiya a wurare daban-daban, ma'aikata da jama'a suka riƙa zuwa a hankali.